Littafi Mai Yagaggen Ƙarshe

Ranar Laraba, bayan na sauke albasa a Tsohuwar Kasuwa,
ɗari bakwai ta rage a aljihun gaba.
Na tsuguna gaban tabarmar Malam Cika,
inda littattafai ke shan rana kamar shanyar barkono.

Na ɗaga na farko: dodo ne mai jajayen haƙora.
Kulu ba ta barci in ta ji an ci mutum,
na mayar.
Na biyu faɗa ne tun daga bango,
kowane layi da yatsa a tsaye.
Yaro na jin warin magani ko an dama shi cikin fura.
Na uku ba bango, maiƙo ya ci kusurwa,
hoton jaki ne a bakin gulbi, da mangalar gishiri,
yana kallon ruwa, ruwa na kallonsa.
Cika ya ce, "Ƙarshen ya tahi, an ƙunshe tsire da shi.
Kawo ɗari biyu."
Na kawo.

Bazara ce. Ɗaki ya kore mu, wuta ta ɗauke tun la'asar.
Muka yayyafa wa tsakar gida ruwa, muka yi shimfiɗa.
Kulu a cinyar dama, Maccido a ta hagu,
Ige ya riƙe babban yatsan ƙafata
kamar zan gudu da labarin.
Uwarsu na tsintar wake, ta ce ita ba saurare take ba.

Na kunna fitilar waya.
Aji huɗu na tsaya, karatuna ba ya gudu,
ina taka kalma kamar mai ratsa fadama da kaya a ka.
Amma kukan jaki kam na iya shi,
sai da maƙwabci ya yi gyaran murya ta kan katanga.

Jaki ya sa ƙafa ɗaya a ruwa.
Ya sa ta biyu.
Na juya shafi:
zare kawai, da ɗan guntun takarda,
kamar gurbin haƙorin Maccido.

"Sai mi?" in ji Kulu.
Na ce ban sani ba.
Ba su taɓa jin wannan daga bakina ba.
Muka yi tsit har muna jin ɗigon randa.

Maccido ya ce gishirin ya narke, jaki ya fito sakayau,
mai shi na kuka, shi yana birgima.
Kulu ta ce ƙarya ne,
akwai wata tsohuwa mai jirgi a Kwalkwalawa,
ba ta karɓar kuɗin jakuna.
Ige ya ce jakin ya shanye gulbin.
Duka? Duka. Har kifi.
Daga bayan faifai uwarsu ta ce,
"Wa ya ɗora wa dabba gishiri ya nufi ruwa da ita?
Mai jakin ya kamata a tsare."

Dare goma sha ɗaya ke nan.
Jakin ya yi iyo, ya yi fiffike,
sau ɗaya ya ƙi shiga, ya zauna ya ci ciyawa,
sau ɗaya ya nutse, Kulu ta yi fushi da kowa,
sai da muka tsamo shi kafin ta yarda ta kwanta.

Jiya Cika ya ƙwala mini kira daga tsallaken hanya:
an kawo irinsa, sabo fil, da bango da ƙarshe.
Na karɓa. Na auna shi a tafin hannu.
Babban yatsana ya kai shafin baya, ya tsaya.
Na ce masa bari sai wani jiƙon,
na sayi kankana da kuɗin.

Da dare Kulu ta miƙo mini tsohon,
ta goge ruwan kankana a zanenta, ta ce,
"Baba, yau kai za ka hidda shi."

Ga ni nan a bakin gulbi, da furfura a gemu,
igiya a hannu,
idanu shida na jira,
ban da biyun da ke bayan faifai.